Ƙwayar da ke Akwatin Baba

Babana tsohon soja ne, kuma a gidanmu na Zuru ko ciwo sai ya nemi izini kafin a yarda ya shigo. Ni kuwa Allah Ya haɗa ni da ciwon ɓarin kai. Da farko in ga ƙyalli-ƙyalli a ido, can gefen hagu ya fara sara, amai ya zo ya rufe taro.

Shekarar da zan rubuta jarabawar shiga makarantar jinya, Baba ya kai ni wurin wani mai kemis, Ibo ne da ya tsufa a garin. Ya miƙo ƙwaya ya ce, "Oga, wannan ba ta ciwon kan yau da kullum ba ce. Jijiyoyin kai ne ke birkicewa, hanyoyin jini su buɗe, ita kuma ta matse su. Da ta ga ƙyallin nan ta sha. In amai ya fara, ciki ba ya karɓa."

Baba ya gyaɗa kai kamar ya ji. Muna isa gida ya jefa ta akwatinsa na ƙarfe, ya datse, ya rataya makulli a wuya. Wai mai kemis so yake mu shanye mu dawo. Mutumin da ya yi shekara bakwai yana golmo, yana noma gonar surukai kafin a ba shi Mama, shi za a koya wa haƙuri da ciwo?

Safiyar jarabawa ina ɗaura ɗankwali sai ga ƙyallin. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ya taso."

"Kan na sara?"

"Bai fara ba tukuna."

"To soja ba ya harbi sai ya ga abokin gaba. Tashi ki tafi."

Madalla da dabarun yaƙi! Abokin gaba ya same ni a tambaya ta uku. Layukan takarda suka dinga rawa, na kifa kai, na amayar da kunun safe a kan amsoshina. Da ɗan acaɓa ya dawo da ni, Baba ya dube ni ya ce, "Yauwa, yanzu kam ya zo." Ya buɗe akwati cikin girmamawa ya ba ni guda ɗaya. Ko minti biyar ba ta yi a cikina ba.

Ban sake zama jarabawar ba. Na yi aure, na koma awon dawa a kasuwar Ribah, kuma wallahi na daɗe ina jin haushinsa.

Yanzu 'yata ce ke aikin jinyar. Ta ce an fito da wata allura mai tare sinadarin da jijiya ke saki ya tada ciwon, tun bai taso ba. Na ce ta tambayo mini ko akwai mai tare taurin kan tsohon soja.

Da Baba ya rasu muka buɗe akwatin. Ga ƙwayar can ƙasa, naɗe a ƙyalle ɗaya da lambobinsa na yabo, ta daɗe da lalacewa. A jikin kwalin ya rubuta da hannunsa: "Na 'yata. Sai ya yi tsanani."

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jarabawa.