Zanen da Dodo Ya Yi wa Ƴar Balki

Duk wanda aka haifa a Gangara shekarun da Nasara suka zauna da gindinsu a Damargu, da wuya ka dubi fuskarsa ba ka ga hannun Dodo Wanzami ba. Gajere ne, surutu kamar aku, zabira kullum a kafaɗa. Shi ke askin suna, shi ke cire beli, shi ke ƙaho. In gardama ta tashi kan ko wane ɗan wane ne, Dodo ake kira, don kowa ya san wanzami ba ya yi wa bare zanen gida.

Wata bazara ayari ya sauka bakin rijiya, daga Kano za shi arewa. Wani falke mai suna Attahir ya sa aka kira Dodo, ya nuna masa wata yarinya da ba ta fi shekara uku ba, fuska sumul.

"Ɗiyata ce, wanzam. A hanya aka haife ta, ba a samu yi mata zane ba. An ce duk ƙasar nan babu hannu irin naka. Ga nawa, ka duba."

Dodo, mai tambayar mutum har abin da ya ci jiya, bai tambayi ina uwarta ba. Yabo ya toshe masa baki. Ya dubi kumatun falke, ya wasa aska.

Sai da aka yi shuka wata mata ta iso Gangara, ƙafa duk faso, tana cigiyar yarinya marar zane. Sunanta Balki, mutuniyar Falanko. Mijinta ya rasu a wurin ci-rani, ta biyo ayari za ta gida. Da ƙafar ƴarta Umma ta kumbura, Attahir ya ce a ɗora ta kan raƙumi. Zazzaɓi ya kayar da Balki a wani zango, aka tashi aka bar ta. Dodo na ji, ya gane yarinyar da ya yi wa zane ce ake nema.

Nasara sun hana sayar da mutane, amma hanin bai wuce ƙofar bariki ba. A hanya yara na wucewa arewa da sunan ƴaƴan gida. Dodo ya rataya zabira, ya raka Balki Tanut wurin kumandan Nasara, ya yi ta zarya har kumandan ya gaji ya aika gardawa, dogaran bariki. Suka tarar da Attahir a Belbeji, damina ta tsare shi da raƙumansa.

Ranar shari'a kumandan ya zauna da tafinta da malamai biyu masu taya shi duba al'ada. Tsagar ta warke tas, kamar da ita aka haifi yarinyar. Dodo ya faɗi duk abin da ya faru. Sai ɗaya daga cikin malaman ya tambaye shi a hankali:

"Wanzam, tun da ka riƙe aska, ka taɓa yi wa bare zanen gida?"

"Allah ya kiyaye," in ji Dodo.

Haka yake amsawa tun yana bin ubansa aski, bakin ne ya riga shi. Ya yi ta ƙoƙarin gyarawa, amma magana zarar bunu ce. Attahir ya dafa Alƙur'ani ya rantse. Kumandan ya dubi kumatun falke, ya dubi na yarinya, ya sallame su. Ita kuwa Umma ta manta uwarta, bayan rigar Attahir ta ɓuya. Kafin kaka an wuce da ita arewa. Ban san shari'a mafi ɗaci ba: shaidar da ya zo ceton yarinya shi ya miƙa ta.

Balki ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi. Bayan sun dawo Gangara ta same shi a gindin aduwa, ta durƙusa, ta kwance kallabi.

"Baba, ka yi mini irin nata."

"Ke ɗiyar nan, zanen wani gida ne. Naki fa?"

"Bisa nawa za ka yi. In ta girma ba za ta san sunana ba. Ko ta ga fuskata ta ce wannan tamu ce."

Dodo ya daɗe yana wasa askar da ba ta buƙatar wasawa. Ya yi mata, yana kuka kamar ƙaramin yaro, ita ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ciwon bai gama kamewa ba ta bi wani ayari arewa. Dodo ya tsufa a bakin rijiyar nan yana tambayar fatake labarinta, ba wanda ya taɓa cewa ya gan ta.