Takun Salamu Dogo

Kakan mahaifiyata, Salamu Dogo, bai iya sana'ar komai ba sai tafiya. Sojan Turawa ne da aka sallama bayan yaƙin Asante, ya tsaya a Akra da tsohon bargo ɗaya da ƙafafu biyu waɗanda in ya zauna a kan tabarma sai rabinsu ya kwana a ƙasa. Su ne suka ba shi suna, su ne kuma suka yanka filayen zangonmu na farko, tun unguwannin Nima da Maamobi suna daji.

Ƙasar ta wani dattijon ƙabilar Ga ce, Ataa Kwate. Duk baƙon da ya kai masa goro da turmin zane sai ya ba shi taku ashirin a tsaye, ashirin a kwance. Bai ce takun wa ba. Mutanenmu kuwa ba su da wauta a wannan fanni, kowa ya zo sai a ce a kira Dogo. Shi kuma ya naɗe wando, ya ja numfashi, ya riƙa wurga ƙafa har yara na binsa da ihu. Ataa Kwate yana gani sarai. Dariya kawai yake yi, yana cewa da ya san akwai irin wannan mutum a duniya da igiya ya sayo.

Shekara huɗu yana auna wa mutane, shi yana zaune da matarsa Sanatu a rumfar aro. Kullum tana yi masa mita, kullum yana ce mata mai rabo ba ya fara ɗiba. Ya riga ya zaɓi wurinsa a gindin wata bishiyar kuka, a tsakiyar zangon, kuma ba wanda ya taɓa yi masa shisshigi a kai. Ni dai a nan ina bayan Sanatu, don wannan ba kunya ba ce, taurin kai ne.

Sai wata damina Ataa Kwate ya aiko cewa 'ya'yan 'yan'uwansa sun matsa masa, daga bikinsu na shekara, Homowo, ba zai ƙara ba kowa ƙasa ba. Saura kwana shida. A makon nan ne kurkunu ya fito wa Salamu a idon sawu, ƙafar ta kumbura, Sanatu na naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya.

Aka ɗauko shi a kan jaki zuwa gindin kukar. Maƙwabcinsa Jibirilu, wanda shi ma ba gajere ba ne, ya ce a bari ya taka masa. Ataa Kwate har ya gyaɗa kai. Salamu ne ya ƙi.

“Ƙafa ɗaya ya auna kowa,” in ji shi, da irin Hausarsu ta bariki. “Shi za ya auna nawa.”

Sanatu ta ce, “Malam, yau ɗaya ka ji maganata.”

Bai ji ba. Ya sauka, ya dogara da sanda, ya ja ƙafa sau ashirin yana cije leɓe. Da aka kafa turaku, filin bai kai rabin na Jibirilu ba. Ba wanda ya yi dariya a wurin, amma an yi ta a gida, an kuma daɗe ana yi. Ɗakin da ya gina, sai ya kwanta a karkace yake samun miƙe ƙafa.

Ragowar wurin da ya kasa takawa ya zauna haka nan a gaban ƙofarsa. Mutanen Ataa Kwate ba su waiwaye shi ba, na zango kuma ba wanda fuskarsa za ta iya ɗaukar kafa ko turken akuya a kai. Nan ake shanya, nan ake raɗin suna, nan mata ke suyar ƙosai. Salamu ya riƙa share shi kowace safiya har ya tsufa, bai taɓa cewa nasa ne ba, Sanatu kuma ba ta taɓa fasa faɗin nasa ne ba.

Ranar da ya rasu, makara ta ƙi juyawa a cikin gidan. Aka fito da shi a hannu, aka shimfiɗe shi a filin. Liman na neman wanda zai ba da izinin yin salla a wurin, sai Sanatu ta yi magana daga bakin ƙofa.

“Ku yi,” ta ce. “Gidanshi ne.”