Maganaɗisu da Sarƙar Asana

Baba Mumuni mai gyaran rediyo ne a unguwar Maamobi. Tun da waya ta kashe masa kasuwa, sai ya koma fasa matattun lasifiku yana ciro maganaɗisun cikinsu. Ranar Sallah, in yara sun fito yawon gaisuwa, kowane gida alawa ake ba su, shi kuwa maganaɗisu yake danƙa musu.

"Alawa haƙori take ci," in ji shi. "Wannan ilimi ne. Ku je ku gano abin da yake kamawa da abin da ya ƙi."

Sun gwada kam! Ƙusa, murfin kwalba, ƙofar motar haya ta trotro, har zoben da maƙwabciya Hajiya Lariba ta sayo a Makka. A nan suka gano ba ya kama zinariya. Baba ya yi ta hura hanci, wai ya haifar da masana.

Abin da ya sha'afa shi ne sarƙar matarsa Asana. Shekara talatin ke nan da ya sayo ta a bakin titi a Circle, yana saurayi mai cika baki, ya rantse mata zinariya ce tsantsa. Kunya ta hana shi warware maganar, ita kuma duk Sallah sai ta saka abarta.

Da la'asar ranar Sallah, Asana na zuba wa maƙwabta shinkafa a tsakar gida, sai ya hango jikarsu Zalia ta nufo ta da maganaɗisu.

"Zalia! Zo mu je in saya miki alawa!"

Ina! Ƙwas, sarƙa ta manne.

"Kaka, zinariyarki tana kamawa!"

Matan da ke wurin kowacce ta dafe wuyanta. Asana ta ɓamɓare abin, ta ci gaba da zuba miya.

Da aka watse, Baba ya matso yana murza hula.

"Asana, wannan sarƙar dai..."

"Malam, zauna ka ci abinci. Tun daminar farko ta yi tsatsa. Duk shekara nake kai ta kasuwar Makola a sake mata ruwan gwal."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Haba Malam. Ka manta yadda hannunka ke rawa ranar da ka miƙo min ita? Wa zai faɗa?"