Sajan Dawuda da Fitila Mai Ganin Hadari

Sajan Dawuda bai iya zama ba, duk wanda ya san shi a Zuru zai gaya maka haka. Daga wani ƙauye yake a gindin duwatsu. Ya yi wa Saloma noman golmo tun yana saurayi, kamar yadda al'ada ta ɗora wa mai neman aure, ana kai masa ita kuma ya bi sahun yayyensa ya shiga soja. Sashen injiniyoyi aka tura shi, aikinsa jan waya da gyaran janareta a bariki. Ya zauna Kaduna, ya zauna Jos, har Saliyo an kai shi. Da ya ajiye kaki ya dawo gida, tsaransa suka sami inuwar mangwaro suna dara. Shi kuwa ya kwance rediyon gidan ya ɗaura, ya kwance agogon bango, har Saloma ta fara kulle ɗaki in za ta fita.

Saloma tela ce. Ita da aminiyarta Asama'u, 'yar cikin gari, sun tara mata suna koya musu ɗinki a wani tsohon siton hatsi kusa da kasuwa. Bangon mai kauri ne, tagarsa ɗaya, ita ma ba ta fi faifai ba. Rana tsaka sai sun kunna ƙwai, in babu wutar gari su tayar da wani ɗan janareta mai hayaƙi da ƙarar tsiya.

A farkon shekarar 2007 ne Sajan ya kai wa matarsa wani saƙo can. Ya fito daga cikin rana ya faɗa duhu, sai ji ya yi ƙaurinsa ya daki ƙafar keke. Ya tsaya yana murza ido.

"Maman Leah, a nan kuke wuni?" in ji shi. "Ga rana can Allah na zuba ta kyauta, ku kuna nan kuna ƙona mai!"

"To mu yi yaya, Baban Leah? Mu ɗauki kekuna mu koma bakin titi?"

Shi kuwa idonsa na kan rufi. Asama'u ta dubi Saloma ta ce, "Wanga kallo na maigidanki, akwai magana cikinai."

Akwai kuwa. Ya je ya sami mai siton, wanda ya ce in dai bango ba zai faɗi ba a yi abin da za a yi. Ya hau mota zuwa Kwantagora ya dawo da kwanon rufi na roba, irin wanda haske ke ratsawa. Ya kafa tsani, ya ciccire kusan rabin tsohon kwanon ya maye da sabon.

Ranar da matan suka shigo, tsayawa suka yi a bakin ƙofa baki buɗe. Ɗakin ya yi tar, har ƙurar zare ana gani tana yawo. Wata ta ɗaga zaren da ta daɗe tana kira baƙi, ashe shuɗi ne. Wata tsohuwa da kullum sai an zira mata zare a allura ta zira da kanta, ta ɗaga allurar tana nuna wa kowa. Asama'u ta rangaɗa guɗa. Sajan na tsaye ya riƙe ƙugu, bakinsa har kunne.

Murnar ba ta kai ko'ina ba bazara ta shigo. Kafin azahar ɗakin ya zama tanda, ƙarfen keke ba ya taɓuwa, gumi na ɗiga a kan yadin mutane. Asama'u ta aika aka kira shi.

"Sajan, haske munka roƙa, ba gashi ba. Ko kilishi kaka son mu koma?"

Ya shiga ya tsaya, nan take rigarsa ta jiƙe. Ya fito yana fifita da hula ya ce, "Malama, kin yi gaskiya. Na buɗe wa rana ƙofa ta shigo da 'yan rakiya."

Abin bai karya masa gwiwa ba, sai ma ƙara masa ƙaimi da ya yi. Ya yi kwanaki yana zagaya siton, yana duba inda rana ke dukan bango da hantsi da inda take komawa da la'asar. Daga nan ya mayar da yawancin tsohon kwanon, ya bar 'yan kaɗan na roba daidai saman teburin yanka, ya sa Saloma ta ɗinka farin yadi aka shimfiɗa a ƙarƙashinsu don ya tace zafin. Ya fasa dogayen tagogi can sama a ƙarƙashin indararo, ta kudu da ta arewa, inda rana ba ta leƙowa kai tsaye. Matan da kansu suka shafe bangon ciki da farar ƙasa suna waƙa. Haske ya dawo mai taushi, iska mai zafi kuma ta sami hanyar fita ta sama.

Saura damina. In hadari ya haɗu ɗakin kan yi duhu, don haka Sajan ya kawo batirin mota da ake cajawa in an kawo wuta, ya haɗa masa dogayen fitilu. Sai dai mai ɗinki in ta duƙufa ba ta ɗaga kai. Hadari zai wuce, rana ta fito, fitilu na ci ba wanda ya tuna, gobe a tarar batiri ya mutu.

A nan ya tuna da wasu fitilu da ya gani a sansaninsu na Saliyo, masu kama kansu da magariba su mutu da asuba. Ya bi 'yan gwangwan har ya samu kan wata tsohuwar fitilar titi, ya ciro wani ɗan abu kamar murfin kofi daga samanta. Ya yi ta fama da shi a tsakar gida kafin ya yarda ya yi aiki da batiri. "Wannan shi ne ido," ya gaya wa matan. "In ya ga duhu ya kunna, in ya ga haske ya kashe." Ya kafa shi a bangon ciki.

Wata la'asar hadari ya taso daga gabas. Sajan ya bar masarar da yake ci ya sheƙo a guje. Yana shiga fitilu suka kama. Kafin a yi tafi suka mutu. Suka sake kamawa, suka mutu, kamar mai ƙyafta ido. Asama'u ta ce, "A'uzu billahi, mi na na?" Saloma ta kira sunan Yesu, 'yan koyo suka yi bakin ƙofa.

Sajan ya yi dariya har ya zauna a kan dilar yadi. "Ba aljani ba ne! Hasken fitilarsa yake gani, ya ɗauka gari ya waye!"

Bai jira ruwan ya tsaya ba. Ya ɗauki tsani ya fita, Saloma na bin sa da faɗa: "Baban Leah, ka sauko, kai ba yaro ba ne!" Ya kafa idon a waje, ƙarƙashin indararon arewa, ya shigo sharkaf. Fitilu suka kama suka tsaya cak. Kowa ya zuba musu ido. Can ruwan ya tsagaita, gari ya washe, sai ga su sun mutu da kansu, hannun kowa na jikinsa. Ihun da matan suka yi har mahauta suka jiyo.

Daga ranar, hadari na haɗuwa za ka ga 'yan kasuwa sun cika ƙofar siton, wai sun zo fakewa. A ƙarshen shekarar Babbar Sallah da Kirsimeti suka zo kusan tare, ɗinki ya yi wa matan yawa, suka gama shi kaf ba su taɓa igiyar janareta ba. Wata kaza ma ta mayar da bayan janaretan wurin yin ƙwai.

Sai kira ya fara zuwa. Majami'arsu ta nemi ya duba mata rufi, wata makarantar Islamiyya ta biyo baya, daga nan wani ɗakin shan magani a Danko. Ko'ina ya je, kafin ya taɓa guduma sai ya wuni yana zagaya ginin yana kallon sama, kuma shi da bakinsa yake ba da labarin yadda ya kusa gasa matan Zuru.

Matan suka haɗu suka ɗinka masa wata 'yar shara mai aljihu ko'ina, na filaya daban, na sukudireba daban, har da na goro duk da ba ya ci. Asama'u ce ta miƙa masa. Ya saka nan take, ya ƙame ya sara mata. Ranar Lahadi da ita ya tafi majami'a a kan rigarsa ta ado, Saloma ta yi magana har ta gaji ta ƙyale shi.