Katin da Ba Nasa Ba

Duk garinmu sun ɗauka Sista ce ta kusa kashe yaron nan. Ba ita ba ce. Ni ce, kuma wata huɗu ke nan ina yawo da maganar a cikina.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, aka ɗauke ni ina taimakawa a ɗan asibitin ƙauyenmu, can cikin Bukkuyum. Ma'aikaciya ɗaya gare mu, Kirista ce daga wata jiha, kowa Sista yake ce mata. Aikina shara, jera kati da ɗora yara a sikeli. Kullum sai ta maimaita min abu uku: in ji sunan mara lafiya daga bakin wanda ya kawo shi, in duba shekarun da ke kan kati, kuma kada in miƙa ko ƙwaya ɗaya ba ta nan. Ni kuwa gani nake ta cika nawa. Na iya karatu, mene ne abin wuya?

Wata ranar kasuwa aka zo da babur aka ɗauke ta zuwa wajen mai naƙuda. Ta bar min makulli, ta ce in ba mutane haƙuri su jira. Rana ta take, layi ya yi tsawo, mata suna min tsiya, wai likitar gobe ta tsaya tana kallonsu. Sai ga wata yarinya da goyo, ta ce ɗanta ya yi zazzaɓi har da jijjiga, ta miƙo kati. Na ga an rubuta maganin farfaɗiya da ake karɓa duk wata. Na karanta sunan da ƙarfi, na tambaye ta ko shi ne. Ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Na san ɗan fari ne, na san a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ko an faɗa a gabanta kawar da kai take yi. Sai na ɗauki shirunta a matsayin e, na ƙirga ƙwayoyi na ce safe da yamma. Ashe a gidansu kwano ɗaya ake zuba katunan kowa, ita kuma ba ta karatu. Katin ɗan wan mijinta ta ɗauko, mai shekara bakwai. Nata ko yaye shi ba a yi ba. Shekarun suna nan a rubuce, ban duba ba.

Kwana biyu aka dawo da shi kamar tsumma, ana girgiza shi ba ya farkawa. Sista ta dubi ƙullin maganin, ta dube ni sau ɗaya, ta saɓa yaron suka hau babur zuwa babban asibitin Gummi. Allah ya yi da sauran kwanansa. Da uban ya zo yana faɗa, sai Sista ta ce asibitin a hannunta yake, laifin nata ne. Uwar yaron kuwa ba ta faɗa wa kowa wa ya miƙa mata maganin ba. Ina tsaye a bayanta da tsintsiya, bakina ya ƙi buɗuwa, ni da aka sani da rashin ɓoye magana.

Tun daga nan mata suka janye. Wai baƙuwa ce, ba ta damu da 'ya'yanmu ba. Masu ciki sun daina zuwa awo, yanzu har dattawa suna shirin kai ƙara a ɗauke ta. Na faɗa wa Inna gaskiya, ta ce in kama bakina, Sista tana da garinsu da za ta koma, ni kuwa nan za a binne ni. Ita Sista ba ta taɓa tayar min da zancen ba, har abincinta take raba min. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. In na je aiki ba na iya haɗa ido da ita, in na zauna gida a ce ni ma na guje ta.

'Yan'uwana masu taimako a asibitocin ƙauye, iya karanta kati bai mai da ke ma'aikaciya ba. Idan uwa ta yi kunyar suna, ki nemi wanda zai faɗa, ki dubi shekaru, ki dubi yaron da idonki. In mai aikin ba ta nan, ki bari a zage ki a layi.

Ranar Juma'a dattawan za su zauna a ƙofar mai gari. Na roƙi kawuna ya raka ni. Zan tafi da katin, in faɗa musu hannun wa ya ƙirga ƙwayoyin nan. Inna ba ta sani ba tukuna.