Babban Yatsan Aisami Mahauci

Da aka ce mini ciwon babban yatsa ne ya raba Aisami da wuƙarsa, ban yarda ba. Mutumin da ya yi furfura a mayankar Gure, wanda raƙumi ya taɓa cizo a kafaɗa bai kwanta ba, yatsa ne zai zaunar da shi?

Ciwon ya faro masa daga gindin yatsan, wajen wuyan hannu. In ya damƙi wuƙa sai ya ji kamar an soka masa tsinke mai zafi. Ya ɓoye, don kada a ce hannun Aisami ya mutu. Wani makiyayi daga Kelle ya ɗora masa ƙarfen da ya yi ja a wuta a wurin, yadda suke yi wa raƙuma. Fata ta ƙone, ciwo yana nan.

Ran kasuwa aka kawo wani bijimi. Aka kayar da shi, ƙanensa Garbai ya danne kai. Aisami ya yi bisimilla ya ja wuƙa, yatsan ya saki, yanka bai kai rabi ba. Bijimin ya zabura, jini na feshi, ya tsinke igiya, ya maka Garbai da bango, ya bi ta kan ƙirjinsa. Sai da maza suka taru da sanduna suka sake kayar da shi, wani ya ƙarasa yankan kafin ya zama mushe.

A asibiti, bayan an duba Garbai, babbar ma'aikaciyar jinya, majo Nuriyya, ta hango tabon ƙunar a hannun Aisami.

"Baba, sa yatsan cikin tafi, ka dunƙule, ka lanƙwasa hannun wajen ƙaramin yatsa."

Ya gwada, ya ciji leɓe har jini.

"Jijiyoyin ne suka kumbura, hanyarsu ta matse su. Wa ya gasa ka haka, kai tsire ne?"

Garbai ya so ya yi dariya, ciwon haƙarƙarinsa ya hana shi.

Ta ɗaure yatsan da wuyan hannun kada su motsa, ta ba shi maganin kumburi. Ta ce ya ajiye wuƙa, in bai lafa ba ya dawo a yi masa allura.

Yanzu a bakin rumfa yake wuni, wasu na yanka yana kallo. Na tambaye shi yaushe zai koma.

Ya ce, "Ranar da na damƙi wuƙa ban ciji leɓe ba. Ni nake jin yadda Garbai ke numfashi da ƙyar ta bayan danga, ɗana."