Tulu da Riga Mai Lamba Tara

Tulu ɗan kawuna ne. Tun muna yara taurin kansa ya fi tumbinsa girma, tumbin kuwa sai da babur ake zagaya shi. Inna ta ce ranar da aka haife shi ma sai da aka roƙe shi kafin ya yi kuka. Ya so zama ɗan ƙwallo, tumbi ya hana, sai ya zama kocin wata kwaleji.

Ana jibi wasan cin kofi, wani dogon yaro mai lamba tara, wanda shi ke ci musu ƙwallo, ya shure bokitin Baba mai goge ɗakin canza kaya. Tsoho ya zame ya faɗi, abokan yaron suna ɗauka a waya suna dariya. Tulu ya ce yaron ba zai buga ba sai ya durƙusa ya ba Baba haƙuri. Yaro ya ce Allah ya kiyaye.

Shugaban kwaleji ya kira Tulu ofis.

"Malam, kofi muke so. Ka hukunta shi bayan wasa."

"Ranka ya daɗe, ai Baba kafin wasa ya faɗi."

"To, ko ya buga, ko ka bar kujerar nan."

"Dama ta yi mini kaɗan."

Ranar wasa shugaba ya sauko fili da kansa, ya ce a ba yaro rigarsa. A gasar ba a shiga sai da lambar da aka san ka da ita, rigar kuma guda ce tak. Aka zazzage jaka, babu. Sai Tulu ya zuge jaket ɗinsa. Jama'a, ga ta nan jikinsa! Ta ɗame shi har cibiya tana leƙe, tara ɗin ta baje kamar mota ta taka ta.

Ni ma na zo kallo, sai na matsa na ce, "Taubashi, numfashi fa?"

Ya ce, "Sai bayan wasa."

Ƙatti uku suka ja rigar, ta ƙi wuce hammata. Yaro bai buga ba, aka ci kwalejin biyu babu ko ɗaya.

Washegari aka karɓe usur ɗin Tulu, aka tura shi tsaron sito, wai horo. Sun manta a can ake ajiye riguna. Yanzu kullum yana zaune a bakin ƙofa, ya cika ta fal, makulli a wuya. Jiya yaron ya zo karɓar sabuwar riga.

"Ka ga Baba?" in ji Tulu.

"Ban gan shi ba."

"To, ni ma ban ga riga ba."